Mai Rabon Kafso

Na taɓa yin cacar baki da mutumin nan a asibitin garin Savusavu da ke bakin teku, don ya tare benci da ƙafarsa. Yau ga shi kuma, ƙato da fure a kunne, ƙafar a naɗe. Daga ganin hannuwansa masunci ne. Ina jin yana gaya wa nas yana da ciwon suga, dutsen teku ya yanke shi. An ba shi kafson mako guda, ya sha na kwana biyu, maƙwabta suka roƙe sauran. Yanzu ƙwayoyin cutar ba sa jin maganin, ana maganar yanke ƙafar. Nas ta miƙa masa wani sabon magani.

"Iya, ai ba a hana maƙwabci," in ji shi, da ya ga ina kallonsa.

Na ce, "Ɗan nan, kifi ake rabawa. Wannan sabon maganin, ka yi rowarsa, ka shanye kayanka."