Monica, Mai Tambayar Inda Jini Ya Kwana

Ƙarfe bakwai saura na safe Monica Yakubu, wadda kowa ke kira Maman Faith, take sauka daga Keke Napep a bakin wani ƙaramin asibiti a Tudun Wada, riƙe da fulas ɗin ruwan ɗumi. Ba na shayi ba ne. Tsumma take jiƙawa da shi, ta ɗora a hannun mai ƙiba har jijiyar da ta ɓuya ta fito da kanta. Shekara talatin da uku ke nan tana aikin ɗakin gwajin jini, tun tana 'yar budurwa da ta zo daga Zuru har yau da furfura ta cika mata kai. A ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, kuma babu gidan rediyon da zai faɗa. Shi ya sa ni zan faɗa.

A ɗakinta akwai wata kujera mai faɗi, marar hannu, da ta sa kafinta ya ƙera mata, tun ranar da ta ga wani dattijo ya maƙale a ta roba ana ƙunshe dariya. Masu jiki sun san abin da nake nufi. Ko ciwon haƙori suka kawo asibiti, sai an samu mai ce musu su rage tuwo.

A wannan kujera Uwani ta zube wata Talata, tana kuka kamar an aiko mata da mutuwa. Mai sayar da ƙanƙara da zoɓo ce a Gidan Igwai, mace mai jiki sosai, kuma saura kwana tara jirginsu ya tashi zuwa Hajjin da ta yi shekara goma sha ɗaya tana buri. Gwiwa ta hana ta zirga-zirga, sai ta sa wani mai kemis na unguwa ya ɗebi jininta a gida don awon lafiyar maniyyata, aka kai wani wurin gwaji. Takardar da ta fito ta nuna sinadarin fotasiyam ya hau a jininta, irin hawan da kan tsayar da zuciya. Likitan asibitin, Dokta Umar Faruk, ya duba ya ce gado za a ba ta yanzu, watakila har da wankin ƙoda. Maganar tafiya kuwa a manta da ita bana.

Monica ta dubi takardar, ta dubi matar da ta shigo da ƙafafunta, sai ta yi tambayar da ta saba yi, wadda abokan aiki ke tsokanarta da ita.

"Inna, jinin nan ina ya kwana?"

"Cikin kulata ta ƙanƙara na, Maman Faith," in ji Uwani tana share hawaye. "Da yamma anka ɗiba, kin san zahin garin ga, ko nono ba ya kai sahe. Nis sa shi tsakiyar ƙanƙara don kar shi lalace."

"Shi mai ɗibar fa, ya sha wuya?"

"Awo! Sau huɗu yana soka. Yaɗ ɗaure min hannu har yam mutu, yana ta cewa in dunƙule in sake."

Monica ta sauke ajiyar zuciya. Mafi yawan fotasiyam a cikin jajayen ƙwayoyin jini yake zaune, kuma ƙwayoyin ne ke ta jawo shi ciki ba hutawa. Sanyi yana tsayar da wannan jan, sai ya riƙa yoyo waje. Matsa da dogon ɗaurin roba kuma sukan fasa wasu ƙwayoyin, ya ƙara zubowa. Ta taɓa karanta cewa wasu masu bincike na ganin jan ya fi rauni a jikin masu ƙiba, wasu kuma na musu. Wannan ta bar wa masana. Abin da ta gani da idonta shi ne jijiyar mai ƙiba tana da nisa, kuma mai gaggawa yakan azabtar da jini kafin ya same shi.

Ta je wurin likita. "Dokta, ban ce ƙarya ne ba. In gaskiya ne ma ba mu da lokacin gardama. Ka riƙe ta kusa da kai, ka ba ni minti arba'in."

"Na ba ki, Mama," ya ce.

Ruwan ɗumi, haƙuri, allura ɗaya tak. Ba ta bar jinin ya huta ba, nan take ta tace shi ta gwada. Fotasiyam daidai, ƙoda lafiya lau. Uwani ta rangaɗa guɗar da ta sa masu jiran layi suka leƙo, likitan kansa ya jingina da bango yana dariya. Amma Monica ba ta sake ta haka nan ba, sai da ta ce mata sukarinta ya fara leƙowa, kuma ɗawafi tafiya ce, ta soma zagaya tsakar gida tun yau.

Ke ce, Maman Faith, wadda ba ta yarda da takarda sai ta ji labarin kwalba. Ke ce mai hannun da ba ya soka sau biyu. Mutum nawa kika cire wa fargaba irin ta Uwani, ba wanda ya san adadinsu, ke ma ba ki ƙirga ba. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Ku kuma matasan da za ku gaji ɗakin nan, kar ku ji nauyin yin tambaya kafin ku sa hannu a sakamako, domin rayuwar wani ce a rubuce.

Makon jiya Hajiya Uwani ta dawo asibitin da dabino da sabon haƙorin Makka. Ta kama hannun Monica biyu ta riƙe.

"Na yi miki addu'a ga Arfa," ta ce. "Sai da na ɗaga hannu nit tuna ban san sunan mahaihinki ba. Nic ce, ya Allah, Monica ta Tudun Wada, ai ka san ta."