Baba Haruna da Tukunyar Gas da Ta Ƙara Nauyi

Da safe, idan 'yan makaranta sun gama wucewa, ƙarar babur ɗin Baba Haruna ce ke fara shigowa layi kafin shi. Babur ne da ya kamata a ce ya yi ritaya tun kafin mai shi, amma dukkansu biyun taurin kai gare su. A baya an ɗaure sikelin rataya da igiya, a aljihun riga kuma gorar ruwan sabulu. Daga Rafin Guza zuwa Kawo, wani lokaci har Rigachikun idan an kira shi, aikinsa ɗaya ne: ya gaya wa mai gida ko gas ɗin da aka rubuta masa a rasit shi ne aka zuba masa a tukunya.

A ofishin gwamnati mai duba sikelin 'yan kasuwa ya yi aiki har kansa ya yi fari. Da ya ajiye aiki ya zauna a unguwa, sai ya ga yadda muke gwada gas: mu ɗaga tukunya, mu girgiza, mu kara kunne, sannan mu yanke hukunci kamar manyan alƙalai. Abin ya ba shi dariya, ya kuma ba shi tausayi, domin ya ga gidajen da ake kwana ba a magana a kan wannan girgizar.

Shi ba ya gaggawa. Sai tukunya ta ƙare ƙaf ya auna ta babu komai, a je a ciko, ya sake aunawa, sannan ya shafa ruwan sabulu a tiyo ya tsaya yana jiran kumfa. Matan da ya wanke daga zargin ɓarna suna da yawa. Mai gida ya yi ta faɗa wai uwargida na barin wuta a kunne tana hira, ashe ɓera ne ya ɗanɗana tiyon. Ladansa abin da aka ba shi ne, wani gidan ma kofin kunu ne da godiya.

Amma abin da Rafin Guza ba za ta manta ba shi ne maganar Comfort, wadda kowa ke kira Maman Joy. Mijinta ya rasu ya bar mata yara da ɗan shagon sayar da gas a bakin layi, kuma da wannan shagon kaɗai take ci da su. Marigayin abokin Baba Haruna ne, coci ɗaya suke zuwa, shi ne ma ya riƙe ta a bakin kabari ranar da aka binne shi.

Wata rana Malam Suhaib, ma'aikacin gwamnati mai lissafin komai saboda albashi ba ya kai wata, ya kira Baba Haruna. Gas ɗinsa ya daina kai lokacin da ya saba kaiwa, kuma a wurin Maman Joy yake saye. Baba ya bi ƙa'idarsa tsaf. Tiyo lafiya lau, amma da aka ciko tukunyar ya auna, sai ga gas ya gaza abin da ke rasit da kusan kilo biyu. Hankalin Baba ya tashi, don ya san hannun da ya zuba.

Kafin la'asar magana ta zaga unguwa. Wannan ya ce shi ma dama yana zargi, waccan ta ce tun bara ta lura. Mai shagon da take haya ya aiko cewa ba ya son rigima a gininsa, in ta tabbata ta kwashe kayanta. Wasu kuma suna raɗa cewa ai Baba Haruna ba zai tona 'yar cocinsu ba.

Shi kuwa Baba yana tsakar gidan Malam Suhaib, ya tsuguna gaban tukunyar yana ta dubanta. Kowace tukunya akwai lambar nauyinta da aka buga a jikin mariƙinta tun daga kamfani, amma nauyin da ya samu sa'ad da take babu komai ya fi wannan lambar. Ya kwantar da ita, ya shafa gindin.

"Hajiya," ya ce da Aziza, matar gidan, "wannan gindin ba nata ba ne ko?"

"Wallahi Baba tsatsa ce ta cinye na farkon, ka san damshin unguwar nan da damina. Kafin Sallah muka kai wa mai walda ya sa mata sabon ƙarfe mai kauri, ya yi fenti. Ai kusan duk layin nan haka muka yi."

A nan ya gane. Maman Joy ba ta auna tukunya kafin ta zuba. Yadda mijinta ya koya mata take yi: ta karanta lambar mariƙi, ta ƙara kilon da aka ce, ta zuba har sikeli ya kai wurin. Nauyin ƙarfen mai walda sai ya shiga cikin kilon gas.

Da ya isa shagon mutane sun cika wurin. Maman Joy ta ja shi gefe, idonta ya yi ja.

"Baba, kai ka san Baban Joy, ka san ni. Ka duba sikelina. In lafiya yake, ka ce musu lafiya yake kawai, don Allah."

Ya duba, kuma lafiya yake. Da ya faɗi wannan kaɗai ya yi shiru, da ta tsira, kuma ba wanda zai ce ya yi ƙarya. Amma bai tsaya nan ba. Sai ya ɗauko wata tukunya mai sabon gindi, babu komai a cikinta, daga cikin masu jiran layi, ya rataye ta a sikelinsa a reshen bishiyar dogon yaro, ya nuna wa kowa lambar mariƙi da abin da sikeli ya nuna.

"Wannan baiwar Allah ba ɓarauniya ba ce," ya ce. "Ba ta san an canza wa tukwanenku gindi ba, ku ma ba ku san yana da illa ba." Ya juya gare ta. "Amma 'yata, gas ɗin mutane bai cika ba, kuma hannunki ne ya zuba. Sai kin mayar musu."

Ta zauna a kan benci ta yi kuka sosai, mu da muke wurin ma ba kowa ya iya kallonta ba. Malam Suhaib ne ya fara matsowa. "Maman Joy, ki yafe mini, na kira ki da sunan da ba naki ba." Duk mai tukunyar walda da ya zo bayan nan ta cika masa gibinsa, har ribar watanni ta tafi, yaranta suka ji a jikinsu. Baba kuma ya bi gida gida yana roƙon a canza waɗannan tukwane, domin abin da ke ɗaukar gas bai kamata wutar walda ta taɓa shi ba. Shagon yana nan har yau, kuma babu tukunyar da ake zuba wa gas a cikinsa sai an auna ta tukuna.

Yanzu gwiwa ta hana Baba ɗaga tukunya, 'ya'yansa sun ce a ƙarshen watan nan ya huta. Baba Haruna, mai sikelin da ba ya duban fuska. Kai ne ka tsaya tsakanin matar abokinka da mutanen unguwa, ka ba kowa nasa, alhali zuciyarka na gefe ɗaya. Kai ne ka shiga gidajenmu ka fita ba ka taɓa kai maganar wani gida zuwa wani ba. Masu sana'ar awo da mu masu saurin zargi, mu yi koyi da wannan dattijo tun yana raye yana ganinmu.

Mun gode, Baba, Allah ya ba ka lafiya. Da aka gaya wa Maman Joy za ka daina fita, sai ta ce: "Ranar nan na ji haushinsa har na yi wata ban gaishe shi ba. Amma da ya rufa mini asiri yadda na roƙe shi, da har yau da haƙƙin mutane nake ciyar da marayuna."