Hannun Nasiru a Ƙofar Zauren Gari

A garinmu, can gefen Maruta a ƙasar Gwaram, in an ci tuwo an yi sallar isha'i, gindin murhun Inna Kande muke tarewa. Ita ce kakata ta wajen uba. Takan tura gyaɗa cikin toka mai zafi, ta miƙe ƙafafu, mu kewaye ta. Wurin zamana sananne ne, jikin gwiwarta ta dama. Angonta take kirana don tsokana, kuma gyaɗar da ta fara gasuwa tawa ce. Ba wanda ya taɓa ja da ni sai shekarar da Nasiru ya zo.

Daga Birnin Kudu aka kawo shi hutun makaranta. Aka ce ɗan'uwanmu ne, ni dai ban taɓa jin sunansa ba. Sa'ana ne, ga takalmi sau-ciki, ga ƙamshin sabulu, ga baki kamar rediyo. Ranar da ya sauka Inna ta jawo shi gwiwar dama, ta ce ta yi sabon ango, tsohon ya tsufa. Kowa ya yi dariya. Ni ban ga abin dariya ba. Wallahi har gyaɗar ranar ɗaci ta yi mini.

Abin da nake lallashin kaina da shi, yaɓen zauren gari ya matso. Zauren nan shi ne ɗakin taronmu. Nan ake raba gardamar iyakar gona, nan ake sasanta manoma da masu shanu. Ginin ƙasa ne mai kaurin bango, ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Rufinsa a kan bakan gizo yake, wato azarar giginya da aka ɗaure ta lanƙwasa daga bango zuwa bango, aka lulluɓe da ƙasa. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka gari kan fito a sabunta yaɓe. In an gama, sai a ɗaga yaro ɗaya daga gidan maginin zauren ya danna tafin hannunsa a ɗanyen yaɓen saman ƙofa. Gidanmu ke nan, don mahaifin Inna ne maginin, ita ce kuma mai zaɓen yaro. Yayyena duk sun yi. Tun bara ta ce bana nawa ne.

Na ja Nasiru na kai shi zauren don ya san mu ma da abinmu. Yaron nan ya taɓe baki. Wai nasu na Birnin Kudu na siminti ne, har da fanka. Ya ɗaga kai ya ce namu ma a karkace yake, bakan bai haɗu daidai a tsakiya ba. Na ji daɗi ƙwarai, na samu abin kai ƙara. Da yamma tun kafin a zuba gyaɗa na kwashe na faɗa wa Inna, ina jiran ta wanke shi tas.

Ta daɗe tana motsa toka da kara. Sannan ta ce, "Idon yaron nan bai yi ƙarya ba. Ku matso. Yau ba tatsuniya ba ce, kada wanda ya ce ta zo mu ji ta."

Ta ce su biyu suka gina zauren, mahaifinta Jibo da ƙanensa Audu. Shi bakan gizo daga gefe biyu ake tasowa da shi. Kowa ya kama bangonsa, ya ɗora azara, ya ɗaure, ya jira ƙasa ta sha iska, har su haɗu a sama. Aiki ɗaya suke yi, rana ɗaya ke dukansu, amma duk mai wucewa sai ya ce sannu Jibo, zauren Jibo ya yi kyau. Audu yana can saman bangonsa yana ji. Abin ya yi ta cinsa, har ya ɗaga gefensa da faɗin tafin hannu, don in an haɗu nasa ya hau sama. Da suka zo haɗewa, baka ya ƙi zama daidai. Jibo ya cike da ƙasa, gini ya tsaya, amma karkatar ba ta ɓuya ba. Ranar buɗe zaure, a gaban jama'a, Jibo ya nuna sama ya ce kowa ya shaida wannan gefen na Audu ne. Audu ya ɗaure kayan aikinsa ya nufi Birnin Kudu. Bai sake tako garin ba, ko gaisuwar mutuwa. Nasiru jikan ɗansa ne, shi ne kuma na farko daga gidan da ya kwana a namu.

Na yi caraf na ce ai Audu ne mai laifi. Inna ta ce karkatar Audu da ƙasa aka cike ta, amma maganar mahaifinta ba wanda ya cike ta har yau. Daga nan ta kama hannun Nasiru ta ce bana shi zai danna.

Na fashe da kuka, kuka na gaske, har da shessheƙa. Ta jawo ni gwiwar hagu. "Kai kana nan, angona. Baɗi naka ne. Shi kuwa in ya tafi ban san ko zai dawo ba."

Ranar yaɓe ina tsaye gefen kwaɓin ƙasa aka ɗaga Nasiru a kafaɗa. Ya danna, mata suka yi guɗa. Yana saukowa ya hau mitar an ɓata masa riga. Na so ƙasa ta tsage.

Kafin wata bazarar, 'yan garinmu mazauna birni suka haɗa kai suka yi wa zauren filasta da siminti, suka kifa kwano a kan rufin. Alheri suka yi, ba na musu. Amma yaɓe ya ƙare ke nan. Inna ta aika musu kada a taɓa hannun yaron, sai suka zagaye shi da siminti suka bar shi.

Da Inna ta rasu, mutanen Birnin Kudu mota guda suka cika suka zo gaisuwa. Yanzu ba a suna ko biki a gidanmu babu su, Nasiru kuwa ba ni da aminin da ya kai shi. Na san abin da tsohuwar nan ta gyara, na kuma san da rabona ta gyara shi. Sai dai duk sanda na ji wani yana kwatance yana cewa mu haɗu a ƙofar hannun Nasiru, nakan ji abin da Audu ya ji a saman bangonsa. Ban ƙara ganin baƙin Audu ba.

Kwanaki na je gida na tarar ba kowa a zauren. Na jawo benci na hau, na kifa hannuna a kan nasa. Nawa ya rufe shi ruf, ko ɗan yatsa bai leƙo ba. Inna ta ce baɗi nawa ne. Ga furfura ta cika mini gemu, har yau baɗin bai zo ba.