Akwatunan da Suka Hana Ƙofa Rufuwa

Ɗan kawuna kafinta ne, amma in ka ba shi aikin kujera, to ka shirya zaman ƙasa. Abu ɗaya ya iya a duniya: akwatin katako na zuba lemo. Shekara ashirin da shida yana buga shi a wani shago mai rufin kwano bayan tashar manyan motoci, da fensir a kunne wanda ba a taɓa kama shi yana rubutu da shi ba. Tef ɗin awo kuwa, ya ce na masu shakkar hannunsu ne. Da kamu yake awo, sannan ya ƙara yatsa biyu, wai don lemo ya sha iska a hanya. Shi ya sa direbobi ke kiransa Yatsa Biyu. Sun rantse lemon da ya shiga akwatinsa zai tsallaka iyaka uku ya sauka yana murmushi.

Ranar da aka faɗa a rediyo cewa ƙasarmu ta fita daga ƙungiyar ciniki ta maƙwabta, ya fi kowa tafi, ya ce yanzu za a san mu. Aka kuwa san mu. A bakin iyaka aka fara neman takarda, da takardar da ke shaidar takardar, ga sabon haraji, lemo yana ruɓewa a layi har ƙudajen ƙasashe biyu suka ƙulla zumunci. Motoci suka ɗauke ƙafa. Shagon da sai an yi ihu ake jin juna ya koma ana jin takun ƙadangare a kan kwano. Matarsa ta ce ya rufe ya nemi aikin gadi, ya ce ta bari a fitar da gawarsa tukuna.

Sai ga dillalin lemo da albishir. An ƙulla sabon ciniki da wata ƙasa ta hayin teku, ana son akwati ɗari biyar na gwaji, in sun yi, shago ya farfaɗo ke nan. Ya miƙa masa takarda mai zane da lambobi, ya haɗa shi da Allah ya bi ta sau da ƙafa. Yatsa Biyu ya aro tef wurin tela, ya auna komai daidai kamar ɗan jarrabawa. Da ya zo yanka sai ya tuna lemon nan kwana ashirin zai yi a kan ruwa. Mai tafiyar kwana uku ma ana ba shi iska, balle wannan bawan Allah? Ya ƙara yatsunsa biyu. Bai gaya wa kowa ba, don bai ga abin faɗa a ɗan alherin da ya saba ba.

Ranar lodi ya sa sabuwar riga ya tafi. Aka jera akwatuna cikin kwantena, layin ƙarshe ya ƙi shiga, ƙofa ta ƙi rufuwa. Ma'aikacin kamfanin jirgin ruwan ya ɗora tef a kan guda ɗaya, ya ɗago ya dube shi.

"Baba, wa ya ce ka ƙara?"

"Don lemon ya sha iska ne, yallaɓai."

"Kwantenar nan da na'urar sanyinta. Ba ma buƙatar iskarka."

Ya roƙi kwana biyu ya rage su duka, aka ce jirgi ba ya jiran kafinta. Kafin la'asar an juye lemon cikin kwalayen wata masana'anta, ita aka ba aikin har na shekarun gaba.

Sawu tara mai kura ya yi kafin ya kwaso akwatunan zuwa gida. Suka cika tsakar gida har sai an karkace ake shiga ɗaki. Shagon kuwa, mai cajin waya ne a ciki yanzu.

Da na je tsokanarsa, na same shi zaune a ƙasa da guduma, yana ɓalle akwati ɗaya a hankali, yana shafa kowane katako kafin ya miƙa wa matarsa ta sa a murhu. Ya tambaye ni ko gadin nan da ake faɗa, ana barin mutum ya zauna. Na ce ana bari.