Majvor da tsohuwar sandar wasa

Majvor Ekdahl, maƙwabciyata a hawa na biyu, ta ƙare aikinta a ɗakin wankin asibiti ba tare da ta taɓa yin wasan kwamfuta ba. Shirme take kiransa. Ƙanenta Sixten kuwa, direban bas, tun yana yaro a kan wasan ya tare, ita tana guga a ɗaki na kusa tana masa tsawa ya rage ƙara.

Bara ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke masa, ta ɗauko shi ta dawo da shi wurinta. Likita ta ce magana za ta iya dawowa in ya yi ƙoƙari. Sixten ya ƙi. Ya juya kujera ya fuskanci taga, ko burodin kirfa aka ajiye masa da kofi ba ya kallo. Abin ya ci mata rai ƙwarai, ni ma haka.

Wata rana ta ƙwanƙwasa mini ƙofa riƙe da tsohuwar sandarsa ta sarrafa wasan kwamfuta, irin mai manne wa tebur, maɓalli ɗaya a ka.

"Na zamani hannu biyu suke so," in ji ta. "Wannan ɗaya ta isa, kuma shi bahago ne. Kai da ka iya latse-latse, taso."

"Majvor, na'urarta ta mutu tun kafin in yi furfura."

"To ka tashe ta mana! Kofina kake sha a banza?"

Muka samo ɗan mahaɗin da zai shigar da wayar tsohuwar sandar cikin kwamfuta, muka saka manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar na'urar. Majvor da kanta ta koya wa manhajar sandar, gilashi a kan hanci: nan sama, nan ƙasa, nan tsalle.

Sixten ya kama sandar, hannun ya zauna daram. Ɗan mutumin cikin wasan ya ruga, ya faɗa rami. Ya sake, ya sake faɗawa. Sai ya saki sandar ya kalli hannunsa na hagu, wanda shi kaɗai ya rage masa. Ban taɓa ganin kallo mai ban tausayi irin wannan ba.

Majvor ta ja ni kicin.

"Kiɗan nan ba haka yake ba. Gudu yake yi."

"Ke da kika tsani wasan?"

"Na tsane shi, amma ta bango na haddace shi." Ta rera mini a hankali, tana kaɗa yatsa a kan tebur.

Sai na gane kuskurena. Na sauko da bugun wasan na Amurka, alhali talabijin ɗinmu na da a nan Turai a hankali suke tafiyar da wasa, kuma da wannan tafiyar hannunsa ya saba. Na canza zuwa bugun Turai.

Da ƙyar ta lallashe shi ya sake kamawa. Kiɗan ya taso a natse. Ɗan mutumin ya tsallake ramin, ya tsallake na gaba. Majvor ta manta kanta, ta matso gaban allo tana ihu, "Yi tsalle! Yi tsalle!"

Bakin Sixten ya yi ta motsi kafin sautin ya fito, a karkace, amma mun ji.

"Yaya... matsa. Kin tare."