Ga Dogo, Wanda Ya Saki Kazar

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Rajab, sojoji biyu suka yi sallama a ƙofar gidan yayana, suka ce Allah ya karɓi ranka, Dogo, a fagen daga, can ƙetaren teku. Can aka binne ka. Ni gwaggonka da na goya ka, ko likkafaninka ban gani ba.

Na san ka da sanyin zuciya. Kai kake karɓe mini bokiti a bakin famfo. Kai kake yanke wa kakarka farce, tana zaginka kana dariya. Ranar da babanka ya miƙa maka wuƙa a gaban baƙi don ka yanka kaza, ka riƙe kazar, ka ji zuciyarta tana bugawa a tafin hannunka, sai ka sake ta. Ya kwaɗa maka mari, ya ce, "Ku ba shi zane ya ɗaura." Tun daga ranar bai ƙara kiran sunanka ba, sai "'yar gidan nan", har ka yi gemu. Don ya daina ne ka shiga soja, duk mun sani.

Ina bayan labule lokacin da babban sojan yake yi masa bayani. Ya ce aikinka ɗaukar masu rauni ne, ba ka taɓa harbin kowa ba, kuma kana ɗauke da wani a kafaɗa harsashi ya same ka. Babanka ya ce, "Wannan kada ka faɗa a waje."

Yanzu ga shi nan a kan tabarma, yana gaya wa masu gaisuwa wai sai da ka kashe mutane birjik kafin ka faɗi. "Ai jinina ne," in ji shi. Ni kuwa ina tsoron Allah ya tambaye ni, in na yi shiru aka ɗora maka jinin da ba ka zubar ba. Shi ya sa na rubuta.

Allah ya jiƙanka, ɗana, ya haskaka kabarinka a ƙasar da ba mu sani ba, ya tashe ka da hannuwanka fes. Ya ba mahaifiyarka da matarka haƙuri.

Kai ma Yaya, ina yi maka ta'aziyya. Jarumin da kake ba da labarinsa, ba ka haife shi ba. Wanda ka haifa ya mutu yana jiran ka kira sunansa. Allah ya ba ka tsawon rai, kada ya ɗauke maka tunani.