Kiɗan da Na Ce Zan Fuskanta

Akwai wata Juma'a da har gobe ban manta da ita ba, a daminar da dizal ya yi tashin gwauron zabo. Ku da kuka zo aikin nan jiya, ku buɗe kunne.

Ni ofareta ne a wani gidan rediyo mai zaman kansa a Tarauni. Ofareta shi ne mai zama bayan na'ura, ya buɗe wa mai gabatarwa makirfo, ya saka talla, ya rage kiɗa idan za a yi magana. A aji uku na sakandare karatuna ya tsaya. Turancin da ke jikin na'ura duk na san shi, don kowace kalma da maɓallinta, kana dannawa ka ga abin da take nufi. Na bakin manya ne ba shi da maɓalli.

Ranar Alhamis da la'asar, ana tsakiyar shirin wani ɗan siyasa da ya sayi fili, aka ɗauke wuta. Janareta ya yi tari ya mutu, tasha ta yi tsit. A sana'armu babu abin kunya kamar shiru. Kuma kowa ya san dalili: Baba Iliya mai kula da janareta ya yi ta sintiri ofishin akanta yana cewa tanki ya kusa ƙafewa, ana ce masa gobe.

Washegari kafin masallaci manaja ya tara mu. Yaro ne ɗan Kano, Hausa a bakinsa kamar ta kowa, amma da ransa ya ɓaci sai ya koma Turanci. Ya yi ta zuba, ya ƙare da buga tebur: "Somebody must face the music!"

Na zunguri Nasiru mai karanta labarai, wanda kullum difloma ke bakinsa. "Me ya ce?"

"Wai mai laifin za a mayar da shi sashen kiɗa." Ko ɗar bai yi ba.

Sashen kiɗa a wurinmu shi ne Asabar da Lahadi, babu hutu, samari na bugo waya a gaida budurwa. Ba mai so, amma ai ba kora ba ce. Na duba, duk idanu sun koma kan Baba Iliya, yana murza hularsa. Tsohon da bai taɓa dafa na'ura ba, wane kiɗa zai saka? Shi sai dai a nuna masa ƙofa. Na miƙe na ce, "Sir, I will face the music."

Da kunnena na ji akanta ya sauke numfashi. Manaja ya ƙare min kallo ya ce, "Litinin ka same ni a ofis."

Ranar Asabar a gidan hayarmu na Gyaɗi-Gyaɗi nake ba Sista Rabi labari, maƙwabciyarmu da ke aikin jinya a asibitin koyarwa. Har da ɗan alfahari nake yi. Ta dire bokitin hannunta.

"Malam Habu, da bakinka ka faɗa? A gaban jama'a?"

"To mene ne? Kiɗa ne fa kawai."

"Babu ganga babu garaya a maganar nan. Cewa ka yi laifin naka ne, a yi maka duk hukuncin da aka ga dama."

Na bugo wa Nasiru, ya ce, "Ai kusan duk ɗaya ne, Malam," ya kashe. Tuwo ya ƙi wucewa, na ce wa mai ɗakina olsa ce ta tashi. Na fita bakin titi na tsaya ina kallon 'yan adaidaita, ina tambayar kaina ko wannan bayan nawa zai iya wuni a kan keke, ko ma wa zai ba mai furfura keke. Ranar Lahadi na tafi har Ƙauyen Alu da niyyar in roƙi Baba Iliya mu je tare ya faɗi gaskiyar tanki. Ina sallama ya riƙe hannuna biyu ya ce, "Ka rufa min asiri, ɗana, Allah ya rufa naka." Ya ɓara min goro. Na ci goron na dawo da roƙona a ciki.

Litinin na shiga ofishin manaja. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ban fahimci maganar ba ne. Na ɗauka canjin sashe ne."

Ya jingina ya ce, "So you are changing your tune?"

"Yallaɓai, don girman Allah yi min da Hausa. Kiɗan farko ma bai sake ni ba."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Malam Habu, na san ba kai ba ne, ofareta ba ya sayen mai. Amma ɗan siyasar nan mai shirin sunan mai laifi yake so, kuma tun Juma'a na ba shi naka. Kai ka miƙe, ba ni na tashe ka ba."

Ba a kore ni ba. An dakatar da ni wata guda babu albashi, aka ƙwace shugabancin ofaretoci da ke hannuna aka ba yaron da ni na koya masa riƙe makirfo. Baba Iliya ya ci gaba da aikinsa. Akanta kuwa ko kallon banza ba a yi masa ba.

Abin da na gane shi ne, a gidan rediyo kowa da baki yake cin abinci, shi ya sa ba mai iya cewa bai sani ba. Nasiru ya gwammace ya tura ni rami da ya furta hakan, ni ma na amsa da harshen da ba nawa ba don a ce na iya. Idan kun ga babba ya juya harshe yana fushi, wuyan da zai rataya wa laifi yake nema. Ku zauna daram, ku ce a maimaita da Hausa. Za a yi muku dariya, amma ban taɓa ganin wanda dariya ta cinye wa albashi ba.